Tambayoyinku: Gem Ɗin Japan, Layin Makuhari da Cinikin Biri a Sama

Tun da aka tashi daga baje kolin gem na Tokyo a ƙarshen Satumban 2025 saƙonninku suka ƙi ƙarewa, kuma kusan duk a kan abu ɗaya ne: gem ɗin nan na Japan da ake kira JRPG, waɗanda mutum ke shiga rigar wani jarumi ya bi labarinsa tun daga ƙauyensu har inda duniya ta ƙare, yana tara abokan tafiya yana ƙara ƙarfi. Na tsamo guda shida. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, akwai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Yaya, wai shi Tokyo Game Show ɗin nan kasuwa ce ko biki? Kowa na iya shiga ko sai 'yan jarida? Na ji ka taɓa cewa ka je. Daga wani matashi a Gwammaja, Kano.

Ƙanina, duka biyun ne. Kuma duk da sunan, ba a cikin Tokyo ake yin sa ba. Wani makeken wuri ne mai suna Makuhari Messe a Chiba, maƙwabciyar Tokyo. Daga babbar tashar Tokyo jirgin ƙasa na layin Keiyo zai sauke ka a Kaihin-Makuhari cikin minti 40 ko ƙasa da haka. Ƙungiyar kamfanonin gem ta Japan, CESA, ita ke shirya shi tun 1996. A bisa al'ada kwana huɗu ne: biyun farko na 'yan kasuwa da 'yan jarida, Asabar da Lahadi kuma na duk mai tikiti. A 2018 kusan mutum 300,000 ne suka shiga.

Ni a 2019 na je, lokacin ina karatu a can, kuma abu ɗaya ya kai ni: a shekarar kamfanin Square Enix ya kawo ɗanɗanon Final Fantasy VII Remake, ana ba mutane hannu su buga. Na fito bayan asuba ina jin ni ne sarkin sammako. Ashe kana sammako wani a tafe ya kwana. An hana kwana a bakin ƙofa, don haka masu son abin da gaske jirgin farko suke bi, ni kuwa na tsaya shan shayi. Ko da na isa layi ya yi ninki ya yi ninki a filin waje. Abin da na fara lura da shi wani ma'aikaci ne riƙe da allo a kan sanda, an rubuta da Japananci cewa nan ne ƙarshen layi. Aikinsa ke nan. Duk sanda layin ya ƙaru sai ya ja da baya da allonsa. Dubban mutane, babu mai ture wani, babu mai cewa dama nan wurina ne na je fitsari. Zafi kuma ba irin namu na Kano ba ne mai busar da gumi. Nasu mai laima ne, riga ta manne a jiki ta ƙi saki.

Da aka buɗe ƙofa ma'aikata suka jera suna roƙon jama'a kada a yi gudu, sai ka ga magidanta suna wata irin tafiya mai kama da ta wanda ke son ya riski raka'a. Manyan rumfuna ba sa barin layi ya tsaya haka nan. Ƙuri'a mai lamba suke rabawa da safe, an rubuta maka lokacin da za ka dawo. Idan ta ƙare, shi ke nan, sai gobe. Ta ƙare kafin in kai. Na tsaya bayan shinge ina leƙen allon wani yaro da ke faɗa da ƙatuwar kunamar ƙarfen nan ta farkon labarin, ina gaya masa abin da zai yi a cikin zuciyata. Daga baya na zauna a ƙasa na ci dunƙulen shinkafa mai kifi da na sayo a kanti, bayan na duba takardar sau biyu saboda alade, na nemi lungu na yi azahar a kan tawul ɗina.

Inda na more ranar kuwa ba manyan rumfunan ba ne. Akwai ɓangaren ƙananan masu ƙira, inda za ka tarar da tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, da mutumin da ya yi gem ɗin da hannunsa tsaye a gefe yana kallon fuskarka kana bugawa. Babu layi, babu kiɗa mai fasa kunne. In ka taɓa zuwa, ka fara da can.

Kada ka nemi rumfar Nintendo a cikin zauren jama'a, ba al'adarta ba ce. Tun 2011 tana da nata shirin na intanet, Nintendo Direct, Sony ma ta bi sahu da State of Play a 2019. Babban baje kolin Amurka, E3, wanda da shi ne uba, an sanar da mutuwarsa a Disambar 2023. Baje kolin Gamescom na birnin Kolon a Jamus yana nan kowane Agusta. Tirela, wato bidiyon tallar gem, da ake nunawa a zauren, kai da ke Gwammaja a minti ɗaya kuke ganinta da wanda ya yi awa uku a layi. Abin da ya fi ka da shi gumi ne da jakar leda ta kyauta.

Malam, na ga tirelar Kingdom Hearts IV har sau ba adadi, ga kuma Dragon Quest XII. Ina tara kuɗin PlayStation 5 saboda su. Yaushe za su fito? Ɗalibi daga Samaru, Zariya.

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. An sanar da Dragon Quest XII a Mayun 2021, ranar da jerin ya cika shekara 35, kuma abin da aka nuna suna ne kawai cikin harshen wuta. Kingdom Hearts IV a Afrilun 2022 aka nuna shi. Har zuwa ƙarshen 2025, babu ɗayansu da aka faɗi ranar fitowarsa. Kashi na uku na sabon Final Fantasy VII ma a lokacin ko sunansa ba a faɗa ba.

Kuma wannan ba sabon hali ba ne. A 2006 aka nuna wani gem mai suna Final Fantasy Versus XIII. Ina cikin waɗanda suka sauke tirelar a shagon intanet suka riƙa nuna wa abokai. Ya fito a Nuwambar 2016, da sabon suna, Final Fantasy XV, da sabon darakta, a kan na'urar da ba a ma ƙera ta ba lokacin da aka fara tallarsa. Shekara 10. Wanda ya sayi PlayStation 3 dominsa jiran gawon shanu ya yi. Kingdom Hearts III an nuna shi a 2013, ya iso a Janairun 2019. Shi kansa Remake ɗin da na bi har Chiba an sanar da shi a 2015, ya fito a Afrilun 2020, sannan aka tarar kashi ɗaya ne cikin uku.

Ba ƙarya kamfanonin ke yi ba, amma ka san wa ake yi wa tirela. Wani lokaci ku 'yan wasa ne, wani lokaci masu hannun jari ne, wani lokaci ma kira ne ga ma'aikata su zo su nemi aiki. Ni ga yadda nake auna su. In tambari kawai aka nuna, ban ji komai ba. In an nuna bidiyo mai kama da fim babu alamar ana bugawa, na ji kaɗan. In an nuna faɗa da lambobi da jerin umarni a gefen allo, abin ya fara nuna. In an ba baƙi hannu sun buga a baje koli, to ya kusa. In an faɗi rana da wata, sai in fara lissafi, shi ma da fensir.

A wannan ma'aunin, abin da ya tsaya da ƙafarsa a ƙarshen 2025 shi ne Dragon Quest VII Reimagined, wanda aka sa wa 5 ga Fabrairun 2026. Fire Emblem: Fortune's Weave a lokacin an ce 2026 a kan Switch 2, na'urar Nintendo, shekara kawai. Persona 4 Revival da aka sanar a Yunin 2025 kuwa ba a sa masa rana a shekarar ba. Lura da wani abu: biyu cikin ukun nan tsofaffin gem ne da aka sake wa riga. Sabon gini daga tushe yana cin shekaru da ɗaruruwan ma'aikata, shi ya sa kamfanonin ke komawa rumbu.

In ka ga lallai sai ka sayi na'urar, saye ta don abin da ke kasuwa yau. Metaphor: ReFantazio na Atlus ya fito tun Oktoban 2024, kuma shi kaɗai zai cinye maka hutun zango. Amma ba lokacin jarrabawa ba, don Allah.

Wai gaskiya ne gwamnatin Japan ta kafa dokar hana fitar da Dragon Quest a ranar aiki? Abokina ya rantse. Daga Maraɗi.

Ka ce wa abokinka ya yi kaffara. Labarin yana da tushe, amma dokar ƙanzon kurege ce. Ranar Laraba 10 ga Fabrairun 1988 Dragon Quest III ya fito a kan Famicom, na'urar Nintendo ta wancan lokacin. Aka yi dogayen layuka a shaguna, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya a rana guda, 'yan sanda suka tsare ɗalibai kusan 300 da suka gudu daga makaranta, har ƙwacen kaset aka yi wa wasu yara a hanya. Abin ya zama abin magana a jaridu. Kamfanin Enix da kansa ya ga ya fi masa sauƙi ya koma fitar da sababbi a ƙarshen mako: na huɗu ya fito ranar Lahadi a 1990, na sha ɗaya ranar Asabar a 2017. Babu majalisar da ta zauna. Hujja mafi sauƙi, shi wannan Dragon Quest III ɗin da aka sake ginawa ya fito 14 ga Nuwambar 2024, ranar Alhamis, kuma ba a kama kowa ba.

Abin da labarin ke nunawa dai shi ne matsayin gem ɗin a can. Mutum uku suka riƙe shi tun 1986: Yuji Horii mai labari, Koichi Sugiyama mai kiɗa, da Akira Toriyama mai zane, wanda ya yi Dragon Ball. Sugiyama ya rasu a 2021, Toriyama a Maris ɗin 2024. Horii kaɗai ya rage.

Assalamu alaikum. Ina son sayen ɗan mutum-mutumin Cloud na Final Fantasy in ajiye a kan teburina. A wani shafi na gan shi da tsada sosai kuma wai sai baɗi za a turo, a wani kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Wanne zan saya? Wata ma'aikaciya daga Abuja.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na biyun jabu ne, ba sai na gan shi ba. Na farkon kuma cinikin biri a sama ne, sai dai haka kasuwar take.

Kayan nan hawa-hawa ne. A ƙasa akwai na cikin ƙwallon roba da ake kira gachapon, sunan ya fito ne daga ƙarar murɗa hannun injin da ta faɗowar ƙwallon; ki zuba yen 300 zuwa 500, abin da ya faɗo shi ne rabonki. Sai na kyautar injin ƙugiya a gidajen gem, masu sauƙin kuɗi kuma na asali ne. Sai Nendoroid na kamfanin Good Smile, da aka fara a 2006, masu ƙaton kai, tsawonsu kamar santimita 10, ana canza musu fuska. Square Enix na da nata, irin su Play Arts Kai masu gaɓoɓi da ke motsi. A sama kuma akwai manyan da ake yi wa fenti da hannu, waɗanda sukan haura yen 20,000. Waɗannan na saman ba a ƙera su a jibge a jira mai saye. Ana nuna samfur, sau da yawa ma fari fat ba fenti, a taro irin Wonder Festival da ake yi sau biyu a shekara a shi wannan Makuhari ɗin, a buɗe rajista, a ƙirga masu so, sannan a ba masana'anta aiki. Shi ya sa ake karɓar kafin alƙalami yau a ce ki saurari kaya bayan wata takwas ko shekara. Ɗage rana kuwa ruwan dare ne. Wanda rajista ta wuce shi sai ya faɗa hannun 'yan bumburutun can, waɗanda Japanawa ke kira tenbaiya, masu saye da yawa su ninka kuɗi.

Kada rubutun cewa a Sin aka ƙera ya ruɗe ki, don na asalin ma mafi yawansu a can ake yin su. Ido za ki duba. Na taɓa yin arahar nan da kaina, daga wani shafin da ba zan ambata ba. Da kayan ya iso, jarumin nawa idonsa ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon kudu, takobinsa ya lanƙwashe kamar tsinken tsire da ya sha wuta, ga wani warin roba da ya cika ɗaki kwana uku. Kwalin ba tambarin kamfani ko ɗaya. Ƙanena ya ɗauke shi ya maƙala a gaban babur ɗinsa.

In za ki sayi na gaske, shagunan Japan irin AmiAmi na aikawa ƙasashen waje, akwai kuma kamfanonin dillanci irin Buyee da ZenMarket masu saya miki a can su turo. Ki lissafa kuɗin aike da na kwastan tun farko, don kwalin ya fi abin da ke cikinsa girma nesa ba kusa ba, kuma aike na iya kamo kuɗin kayan. In kina da mai zuwa Tokyo, ki tura shi shagunan kayan hannu na Akihabara ko Nakano Broadway. Na hannun Japanawa sau da yawa ko kwalin ba a buɗe ba.

Sannan ki tuna da yanayinmu. Robar nan ba ta son zafi. Ki ajiye shi kusa da taga a watan Afrilu, zai fara jingina kamar mai jin barci, jikinsa ya yi danƙo, ƙurar hunturu ta zo ta manne. Kabad mai gilashi a inuwa yake so. In kuma zuciyarki na wasiwasi kan ajiye siffa a ɗaki, wannan hukunci na malamai ne, ki tambaye su. Ni abin da na fi ji da shi cikin tsarabata littafin zane-zanen garuruwan gem ne da faifan kiɗan Nobuo Uematsu, mai kiɗan Final Fantasy, kuma su zafi bai dame su ba.

Malam, ɗana mai shekara 13 ya dame ni in saka masa kuɗi a wani gem na waya, wai zai "jawo" wata jaruma. Sau biyu na saka, ya ce ba ta fito ba. Mene ne wannan? Kuma ta yaya zan san gem ɗin da ya dace da shi? Wata uwa daga Unguwar Rimi, Kaduna.

Hajiya, kada ki saka na uku. Wannan shi ake kira gacha, kuma daga injin ƙwallon robar da na ambata a sama ya samo suna. Gem ɗin kyauta ne, amma jaruman ciki ba a sayar da su kai tsaye. Canki-canka ake saye. A Fate/Grand Order, ɗaya daga cikin manyansu a Japan tun 2015, damar samun jarumi mafi daraja kashi 1 ce cikin 100 a kowane ja, kuma ko ya fito ba lallai ya zama wanda yaron ke so ba. Ana kuma sa wa jarumar wa'adi, a ce bayan mako biyu za ta tafi, don a hana mutum yin tunani. Ni caca nake kiran sa. Ita kanta Japan a 2012 hukumar kare masu saye ta haramta wani nau'insa mai suna kompu gacha, inda sai ka haɗa jerin kaya ta hanyar ƙuri'a kafin a ba ka babbar kyauta. Sauran nau'in yana nan. Ki cire katin banki daga wayarsa, ki sa kalmar sirri a kan saye.

Game da dacewa kuwa, gem na faifai ko kati yana ɗauke da alamar shekaru a gaban kwali. Na Turai lamba ce: 3, 7, 12, 16, 18. Na Amurka harafi ne: E na kowa, T na matasa, M na 17 zuwa sama. Na Japan, CERO, daga A ne zuwa D, sai Z na manya zalla. Kada zanen katun ya yaudare ki. Persona 5 ɗaliban sakandare ne jarumansa, ga launi mai kyau, amma M ne, kuma labarinsa ya taɓa cin zarafin ɗalibai da yunƙurin kisan kai. Final Fantasy XVI ma ba na yara ba ne. Pokémon ya dace da shekarunsa. Dragon Quest XI ma haka, sai dai ki sani akwai gidan caca na kuɗin wasa a cikinsa. Kuma kusan dukkansu akwai tsafi, dodanni da allolin tatsuniya a labarin. Ki zauna kusa da shi rabin awa yana bugawa ki tambaye shi waye wannan, me ya yi. Zai yi ta zuba, ke kuma za ki ga abin da kike son gani.

Ta wani fannin kuma suna da amfani: karatu ne zalla. Rabin Turancina a cikinsu na tsinta, da ƙamus a cinya.

Yayana zai dawo daga Japan. In ce ya sayo mini Switch 2 da kaset a can tunda an ce ya fi araha? Daga Jos.

Ka ja masa kunne kafin ya biya. Switch 2 ya fito 5 ga Yunin 2025, kuma iri biyu aka fitar a Japan. Na shaguna, wanda aka fara sayarwa a kan yen 49,980, Japananci kawai yake yi, kuma asusun Japan kaɗai yake karɓa. Mai harsuna da yawa an fara sayar da shi a kan yen 69,980, a shagon Nintendo na intanet. Arahar da ka ji ta na farkon ce.

Kaset ɗin kansa zai yi aiki a Switch 2 ɗin da aka saya a wata ƙasa, haka faifan PlayStation 5, amma ba kowane bugun Japan ke ɗauke da Turanci ba. Ya duba bayan kwali. Ƙarin kayan da ake saukewa kuma suna bin ƙasar faifan ne, kuma tunda shagon PlayStation bai da Najeriya a jerinsa, yawancinmu asusun Amurka ko Ingila muke riƙe da shi, sai a samu saɓani. Ya kuma kula da waɗanda aka rubuta Game-Key Card a ƙasan kwalinsu: mabuɗi ne kawai a cikin katin, gem ɗin sai ka sauke shi da datarka.

Sa'ar da ka yi ɗaya ce, Switch na da batir. Ni a gidan gem ɗin unguwarmu na fara Final Fantasy VII mai faifai uku, sauran yara na ƙwallo da dambe suna cewa na zo karatun jarida. Memori, wato katin ajiye wasa, ɗaya gare ni, kuma ba a ajiye wasa sai an kai wurin da aka tanada. Wata ranar na yi kusan awa biyu ban ajiye ba, na gama da wani bos, wato babban abokin gaba, da ya kashe ni sau huɗu, ga alamar ajiyewa ina hango ta a ƙarshen hanya, sai aka ɗauke wuta. Mai shagon ya ce lokacina ya cika, in biya.